Kujerar Baya ta Fijon Baba Tsoho

Tafoki,
Satumba, 2021.

Zuwa ga Yayana Salahuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da maigidanka da abokan aikinka na gareji a Kaduna. Ya hannun nan da ƙarfe ya buge? Mu nan lafiya lau, gero ya fara nuna, Mama tana gaishe ka. Tun da aka datse layukan waya a yankinmu ba mu ji muryarka ba, shi ya sa na ciro takarda daga tsakiyar littafin makaranta. Direban Kaduna zan ba ya kawo maka. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi.

Yaya, hotunan motar kakanmu Baba Tsoho da ka ɗauka da sallah ka sa a waya sun jawo mana baƙo. Sunansa Alhaji Badamasi, daga Abuja. Ya ce tsofaffin motoci yake tarawa kamar yadda wasu ke tara shanu. Ya zo da hantsi, ya ce ba zai kai la'asar ba saboda halin hanya.

Na zaci zai ce a tayar da ita ya ji inji. Ko tambaya bai yi ba. Sai ya shiga rumfar ya yi ta zagaya ta a hankali, hannuwansa a baya. Ya durƙusa da farin yadinsa ya leƙa ƙarƙashinta. Ya goge lambar da ke jikin inji da yatsa ya karanta. Ya shafa farin fentin nan da ya koɗe ya koma kamar koko, wanda kullum nake jin kunyarsa in ƙawayena sun zo, ya ce wannan shi ne fentin da ta fito da shi daga kamfani, kuma shi ne kuɗin. Ya yi wa Baba bayani cewa a da 'yan gwangwan ne ke sayen irin wannan Fijo 404 a kilo, amma yanzu kowace shekara darajarta hawa take, har daga ƙasashen waje ake nema. Sai dai fa wadda ba a taɓa ba. Ya ce ya ga da yawa masu jikinsu na asali amma an sauya abin da ke ciki, kuma mai ido yana ganewa.

Da ya leƙa kujerar baya ta cikin gilashi ya daɗe bai ɗago ba. Ka san yadda take, jan kushinta ko ƙwarzane babu, sai wannan lotsawar ta gefen hagu kamar yanzu mutum ya zauna. Ya kai hannu zai buɗe ƙofar ke nan, Iya Laraba ta buga sandarta a ƙasa. Ban san lokacin da ta fito ba, ita da sai an riƙa ta. Ta ce masa a gidan nan ba a buɗe wannan ƙofa sai da sabon gero a hannu. Ya yi murmushi ya janye, ya zaci rikicin tsufa ne. Baba ya ba shi haƙuri, ya ce ƙanwar marigayin ce, motar tana tuna mata da wanta.

Ya faɗa wa Baba farashi a kunne. Ban ji ba, amma na ga Baba ya nemi turmi ya zauna. Daga baya ya gaya wa Mama zai ishe mu sayen gida a cikin Funtua, mu huta da kwana da takalmi a ƙafa. Alhajin zai dawo bayan girbi. Abin da ya faɗa wa Baba na ƙarshe, yana riƙe da ƙofar motarsa, shi ne: "Malam Rabo, don Allah kada a gyara mata komai. Ko wanke ta kada a yi."

Yana tafiya Baba ya yi dariya. Ya ce shekararsa nawa yana kai shanu kasuwar Sheme, bai taɓa ganin ramammen sa ya yi kuɗin wanda aka turke ba. Mai saye in ya ce kada ka gyara, so yake ya saya da araha ya gyara da kansa.

Akwai abin da ke damuna, kuma kai kaɗai zan iya gaya wa. Ka san Baba Tsoho har ya rasu bara bai bar addinin iyayensa ba, kuma ni yake sa wa in ajiye zangarniyar geron farko a kan kujerar nan kafin kowa ya ci sabo, don ni ce mai sunan matarsa Kulu, mahaifiyar Baba. Na tambayi malamar Islamiyya a kaikaice, ta ce haram ne. Na yi istigfari. Amma Yaya, duk shekara washegari nakan tarar da zangarniyar ba ƙwaya ko ɗaya, ƙofofi a rufe, ba kashin ɓera. Kai makanike ne. Ka taɓa ganin motar da ta yi shekaru a rumfa kusa da rumbu ɓera bai ci mata waya ba? Ko kaji ba sa shiga ƙarƙashinta. Bana ban san abin da zan yi ba.

Ka gaishe da maigidanka. Ka rubuto.

Ƙanwarka,
Kulu ƙarama, Uwaninku.

&nbsp;

Kankara,
Oktoba, 2021.

Yayana Salahuddeen,

Gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya sanyin safiya? Na samu amsarka, na karanta wa Baba inda ka roƙe shi ya bar motar yadda take. Ya ce yaron da ya haifa ba zai koya masa ciniki ba. Na koma makaranta, ina gidan Inna Hafiza ƙanwar Mama, tana gaishe ka.

An riga an yi, Yaya. A-kori-kura ce ta jawo ta da igiya har nan Kankara, garejin Gide mai fenti. Ranar ni ma na taho, a gaban a-kori-kurar. An yanki gero, an ci sabo, ba a ajiye komai ba. Baba ya hana, ni kuma na ji sauƙi a raina da ya hana, don ba ni ce na zaɓa ba.

Da safen da za a ja ta, Iya Laraba ta kira ni ɗakinta ta ba ni labarin da ba a taɓa ba mu cikakke ba. Shekarar da auduga ta yi kuɗi Baba Tsoho ya sayi motar. Kaka Kulu tana da cikin fari, cikin Baba. Za a kai ta gidan iyayenta a wani ƙauye gefen Sabuwa ta haihu can ta yi wanka, kamar yadda ake yi wa kowa a haihuwar fari. Ta ƙi hawa jaki, ta ce sai a sabuwar mota danginta za su gan ta. Iya Laraba ce a gefenta. Suna tsakiyar daji naƙuda ta taso, ga ruwa ya cinye hanya. A kan kujerar ta haihu, a kan zanen Iya. Ta tambaya ko sun kusa, aka ce mata saura kaɗan. Ta ce to, ta jingina kai da gilashi. Shi ke nan. A bakin rafi suka binne ta, damina ta gaba ruwa ya tafi da wurin. Iya ta ce mutanen gidanmu na da kowa yana da inda ake kai masa sabon hatsi, ita kuwa ba ta da kabari, sai wannan kujera. Ta riƙe hannuna ta ce: "Ɗiyar nan, wanda aka tasa daga wurin zamanai, wani wurin yaka nema."

Shekaranjiya da aka tashi makaranta na biya ta garejin. Da ba don lambar ba, da ban gane ta ba. Shuɗiya ce yanzu, tana ƙyalli har kana ganin fuskarka. An sa mata sababbin fitilu da rediyo mai kebul. An cire kujerun duka an sa masu laushi, baƙaƙe, da ledarsu. Gide yana ta alfahari, ya ce ko amarya albarka. Na tambaye shi tsohuwar kujerar baya, ya nuna min bayan gareji da baki.

Tana jingine da tarin tayoyi. Rana ta take, yaran garejin suna cin rake a tsugune a ƙasa, ga kujera a inuwa ba wanda ya hau. Na matsa kusa. Yaya, lotsawar nan babu ita. Kushin ya ciko sumul, kamar ba a taɓa zama a kai ba. Na tsaya ina kallo, sai na ji gefen hagu na jikina ya yi sanyi, irin na wanda ya jingina da randa.

Ban so in rubuta sauran ba, kada ka ce karatu ya taɓa ni. A aji mu uku ne a benci, a matse. Jiya na lura Shafa'atu ta koma can baki, rabin jikinta a waje, ta bar fili tsakaninmu. Na ce ta matso, ta dube ni ta ce ina za ta matso. Da na nuna mata wurin sai ta ce ita ma ba ta san me ya sa ta ce haka ba. Da safe in na tashi, katifata tana lotse a gefen bango, inda ba na kwanciya. Tuwon gero kuma in na ci kamar na tauna takarda, ba ɗanɗano, ba ƙoshi. Na dawa da na masara lafiya lau.

Jarrabawar gwaji ta kusa, ina karatu iyakar ƙoƙarina. Ina karanta Falaƙi da Nasi safe da yamma. Kada ka gaya wa Mama, hawan jininta zai tashi. Ka sa ni a addu'a.

Taka,
Kulu ƙarama.

&nbsp;

Tashar mota, Faskari,
Nuwamba, 2021.

Yaya,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Ina rubuta wannan muna jiran mota ta cika, in ka ga layin ya karkace ka yi min uzuri.

Alhaji Badamasi ya dawo makon jiya. A nan Faskari aka haɗu, don ya ce ba zai sake shiga ƙauye ba. Gide ya tayar da injin, Baba ya tuƙo ta da kansa, ya sa babbar rigarsa ta sallah. Ana hutun rabin zango, sai ya ce in zo in ga ranar arzikinmu.

Alhajin ya fito daga motarsa yana fara'a, yana waige-waige yana neman inda take, alhali tana gabansa. Da Baba ya dafa ta, sai na ga fuskarsa ta zama irin ta mai zuwa gaisuwar mutuwa. Bai yi faɗa ba. Ya ɗora tafin hannu a kan shuɗin fentin ya daɗe. Ya ce fenti kowa zai iya sayen gwangwaninsa a kasuwa, amma shekarun da aka kankare da yashin goge-goge ba mai sayar da su. Ya ce yanzu tsohuwar mota ce kamar kowace, in Baba ya so ya sa ta haya. Baba ya yi ta nuna masa rediyon. Ban taɓa jin tausayin Baba irin na ranar ba.

Har zai tafi ya juyo ya tambayi jar kujerar baya. Ya ce yana da wata 404 da tata ta lalace, ya yi shekaru yana neman ta asali. In tana nan zai saya, kuma ba kuɗin wasa ba. Ba zai kai gida a Funtua ba, amma zai kama mana haya. Baba ya ce a ba shi kwana biyu.

A hanyar komawa ina baya, a sabuwar kujera. Ban san na takure a dama na bar hagu ba sai daga baya. Mun wuce gonakin Tafoki na farko ke nan Baba ya ɗaga ido ya dubi madubi. Ya taka birki har goshina ya bugi kujerar gaba. Ya juyo ya dube ni, ya dubi gefena, ya sake duban madubin. Sai ya juya madubin ya fuskanci rufi, haka muka ƙarasa gida. Muna isa ya wuce ɗakin Iya Laraba ko takalmi bai cire ba. Ina tsakar gida na ji yana tambayarta ko mahaifiyarsa tana da tsaga uku-uku a gefen baki. Ka san ko hotonta babu.

Washegari ya tafi Kankara ya ɗauko kujerar. Ya aika wa Alhajin cewa ba ta sayarwa ba ce. Shi da kansa ya cire baƙar ya mayar da ja, ya ɗaure kusoshinta, ya shiga rumbu ya zaɓo zangarniya mafi kyau ya miƙo min, bai dube ni ba. Na ajiye, na rufe ƙofa. Da gari ya waye muka tarar da ita yadda na ajiye ta, ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba. Kushin sumul. Da rana na ga kaza da 'ya'yanta a ƙarƙashin motar suna tono.

Iya Laraba ba ta yi mamaki ba. Ta ce mun yi kuskure tun farko, har da wanta. Ba kujera Kaka Kulu ke so ba. An ce mata saura kaɗan, ita kuma mai haƙuri ce, shi ya sa ta zauna tana jira. Yanzu ta ga motar ta sauya, ta san ba wannan ce za ta kai ta ba, sai ta bi mai sunanta. Magani ɗaya ne, a ƙarasa mata tafiyar. In ta ga ƙofar gidansu za ta sauka ta bar ni.

Shi ya sa muke tasha, ni da Baba, za mu Sabuwa. An ce akwai ƙanwarta Mero da ta rage a gidan. Baba ya biya kujeru uku, yaron motar ko tambaya bai yi ba.

Yaya, ina jin tsoro. Kwana biyun nan bayana yana ciwo yana saki, yana ciwo yana saki. Jiya na ji bakina yana wata waƙar daka da ban taɓa koya ba, Iya ta fashe da kuka. Na ɗauki littafin Turanci na daɗe ina kallon shafin kafin haruffan su dawo min. Ni makaranta nake so in gama, ina so in zama malamar asibiti kamar yadda na gaya maka. In ka samu dama ka zo ka dube ni da kyau. Kai ka san ni tun ina goye.

An ce mu shiga. Ka yafe min duk abin da na taɓa yi maka.

Ƙanwarka,
Kulu ƙarama.

&nbsp;

Sabuwa.

Zuwa ga Salahuddeen,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da mutanen gidan da kake. Mun sauka lafiya, an gode. Ka kwantar da hankalinka, duk abin da na rubuta maka a baya ya wuce. Sanyin nan ya tafi, ba kowa a gefena yanzu. Na ci tuwon gero na ji daɗinsa har na nemi ƙari.

Hanya ta yi kyau sosai, an sa mata kwalta, rafin ma an yi masa gada. Da muka sauka ba mu tambayi kowa ba, ni na shige gaba. Sun sare kukar ƙofar gida, rijiyar kuma an cike ta an yi wata a gabas, ban ga dalili ba, ruwan waccan ya fi daɗi. Mero ta tsufa ƙwarai, ba ta gani sosai. Ta shafa fuskata ta ce min sannu da hanya, kun daɗe. Na ce mata ruwa ne ya tare mu.

Kowa ya ce ban canza ba, jikina yadda yake.

Maganar mota, a bar ta a rumfa, ko a ba mai haya, duk ɗaya ne. Ta yi kyau da tana fara. Na so a ce a cikinta suka gan ni, amma ba komai.

Mutumin da ya rako ni yana zaure tun jiya, ya ƙi cin abinci. Yana ta cewa in tashi mu koma, wai akwai jarrabawa. Mutumin kirki ne, sai dai yawan kuka, ga furfura a gemunsa. In ya shigo sai in ji nauyinsa, in ja mayafi in juya wa bango fuska, ban san dalili ba. Na aika masa cewa ba inda za ni sai na yi arba'in. Mero ta sa an kawo itace, ana dafa min ruwa safe da yamma, an dama kunun kanwa.

Rubutun nan yana ba ni wuya, hannun ne kawai ya san hanyarsa, shi ma ya fara mantawa. Zan tsaya nan. Ka gaida Laraba, ka ce mata zanenta yana wurina, zan wanke in aiko.

Abu ɗaya nake so ka bincika min, don nan duk wanda na tambaya sai ya kau da kai. Na ji kukansa kafin in yi barci, na san namiji ne. Wa ke ba shi nono? Kuma wane suna aka sa wa yaron?

Ni ce,
Kulu.